Saniya Ta Haihu, Saura Me? Darasi a Kan Ciwon Mahaifar Shanu

 

Mu na Sashen Aikin Gona mun zaɓi a bana mu yi magana a kan abin da ba a cika ɗaukowa a gaban jama'a ba, wato mahaifar saniya da ƙwayoyin cutar da ke shiga cikinta. Wani zai ce ai wannan zancen Fulani ne da likitocin dabbobi. Amma ku dubi gidajenmu a Furana da ƙauyukan Ikara, da Maƙarfi, da Kudan. Manomi in ya sayar da rake ko barkono ko masara ya ga 'yan kuɗi sun ragu a hannu, karsana yakan saya, ya ɗaure a gida ko ya ba Bafulatani kiwo. Da yawa cikin ɗaliban da ke zaune a gabanmu, ɗan maraƙi ne ya biya musu kuɗin makaranta. Saniyar da ta daina haihuwa kuwa, ci kawai take yi.

Abin da ya sa muka ɗauko maganar kuskurenmu ne. Shekara uku da suka wuce, saniyar gonar makaranta, wadda ruwa biyu ce, uwa Bunaji uba Firiziyan, ta fara naƙuda da daddare a tsakiyar watan Agusta, ana ruwa. Ɗan maraƙin babba ne, ya ƙi fitowa. Muka ɗauko igiya, mu da samari uku na aji shida, muka yi ta ja har ya fito da rai. Muka yi murna, muka yi addu'ar godiya, kowa ya tafi ya kwanta. Ba wanda ya wanke hannu kafin ya sa a jikinta, igiyar kuma ita ce dai wadda ake ɗaure ta da ita a turke. Washegari da yamma mabiyiya tana nan a rataye, ba ta faɗi ba. Aka ba mu shawara irin ta gargajiya, muka ɗaura mata ɗan dutse domin nauyinsa ya jawo ta. Rabi ya tsinke ya faɗi, rabi ya zauna a ciki. A kwana na huɗu ba a iya tsayawa kusa da turken saboda wari. Ta daina ci, nono ya ɗauke, kunnuwa suka faɗi. Sai a sa'an nan muka aika aka kira likitan dabbobi. Allah ya ji ƙanmu ba ta mutu ba, amma ta yi wata 14 ba ta sake ɗaukar ciki ba.

Mece ce bakteriya?

Ɗaliban aji huɗu sun san wannan kalma daga darasin Bayoloji. Saboda iyayenmu, bari mu maimaita. Bakteriya halittu ne masu rai, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Wani mutumin Holan mai suna Antonie van Leeuwenhoek shi ya fara ganinsu, wajen 1676. Irin da ake kira Escherichia coli, sai an jera guda 500 kai da gindi sa'an nan za su kai milimita ɗaya, wato ƙaramin layi guda na kan rula. Ba sa haihuwa kamar dabba, ɗaya ce takan rabu biyu. In ta sami ɗumi da danshi da abinci, takan rabu kowane minti 20. Ku ɗauki fensir ku lissafa: 1, 2, 4, 8, 16. Kafin awa 7 ta cika, ƙwaya ɗaya ta wuce miliyan.

Ba dukansu ne mugaye ba. Su ne ke mai da madara kindirmo, su ne kuma a tumbin saniya ke narkar da kara da ciyawa. Ita Escherichia coli ɗin ma a cikin hanji 'yar gida ce, ba ta ɓarna. Ɓarna takan zo ne sa'ad da ta shiga ɗakin da ba nata ba.

Ƙofa a buɗe

Saniya takan riƙe ciki kwana 280 zuwa 285, wato wata tara da 'yan kwanaki. Duk tsawon wannan lokaci bakin mahaifa a rufe yake gam, an liƙe shi da wata majina mai kauri. Ran haihuwa ƙofar takan buɗe har ɗan maraƙi ya wuce, ba ta kuwa komawa ta rufe nan da nan, takan ɗauki kwanaki. Ku tuna kuma da yadda jikin saniya yake. Mafitar kashi tana bisa mafitar haihuwa, tazararsu ba ta kai taƙi ɗaya ba. Ga wutsiya tana kaɗawa, ga taɓo da kashi inda take kwanciya, balle da damina.

A cikin mahaifar kuwa akwai jini, da ruwa, da guntayen nama, da ɗumin jiki na digiri 38 zuwa 39. Akwai kuma raunuka. Mabiyiyar saniya ba faifai ɗaya ba ce kamar ta mutum. Tana manne da mahaifa a wurare wajen 100, kamar maɓallan riga, kowane maɓalli kuma in ya ɓalle yakan bar ɗanyen wuri. Duk abin da bakteriya ke nema, ga shi nan an tanada.

Binciken da aka yi a garkunan madara na Turai ya nuna cewa a mako biyu na farko bayan haihuwa, cikin shanu 10 ana samun bakteriya a mahaifar 8 ko 9, wani lokaci ma duka. Ashe shigarsu ba abin mamaki ba ne. Tambayar ita ce, me ya sa wata saniyar ta kore su, wata ta kasa? Saniya mai ƙarfi, mahaifarta takan yi ta matsewa tana turo datti waje, fararen ƙwayoyin jini kuma, waɗanda su ne sojojin jiki, suna cinye baƙin. Cikin mako shida mahaifar ta koma girmanta na da, ta tsarkaka. Wadda takan kasa ita ce wadda ta sha wuyar haihuwa aka ja, ko mabiyiya ta maƙale, ko ta haifi tagwaye ko gawa, ko ta yi ɓari, ko kuwa yunwa ta riga ta cinye ta kafin ranar. Tamu ta haɗa biyu na farko, muka kuma ƙara mata da dutse.

Aikin gayya

Iri-irin bakteriya da ake samu a mahaifa suna da yawa, amma huɗu ne likitoci suka fi ambata, kuma ba ɗai-ɗai suke aiki ba. Gayya suke yi, kowa da kuyyarsa.

Mai fara shiga ita ce Escherichia coli ɗin nan, wadda wani likitan yara Bajamushe, Theodor Escherich, ya gano a 1885. Daga kashi take zuwa. A makon farko takan manne a bangon mahaifa, dafinta ya ƙone shi, ta share wa na baya hanya.

Ta biyu ita ce Trueperella pyogenes, mai yin mugunya. Ɗalibin da ya buɗe tsofaffin littattafan laburarenmu zai gan ta da sunan Corynebacterium pyogenes, wani littafin ya ce Actinomyces, wani Arcanobacterium. Kada ku ruɗe, ita ce dai. Masana sun yi ta sake mata suna, na yanzu a 2011 aka ba ta. Tana fitar da wani dafi da ke huda ƙwayoyin naman mahaifa, amma ya fi cin wurin da ya riga ya ji rauni, shi ya sa take jiran ta fari ta yi mata sharar gona. In ta daɗe a ciki har bayan mako uku, ita ce ta fi kowa hana saniya sake ɗaukar ciki.

Ta uku, Fusobacterium necrophorum, makiyaya sun san aikinta ko da ba su san sunanta ba, gama ita ce ke ruɓar da tsakanin kofato da damina, saniya ta riƙa ɗingishi. Ba ta son iska ko kaɗan, sai inda nama ya mutu. Dafinta kashe fararen ƙwayoyin jini yake yi. Ta huɗu, Prevotella melaninogenica, ita ma maƙiyiyar iska ce, aikinta shi ne hana sojojin jiki haɗiye sauran. To kun gani: wata ta fasa katanga, wata ta kashe mai gadi, wata ta ɗaure wanda ya ragu, mai mugunya kuma tana fitar da abin da ke ciyar da ta uku. Warin da ya kore mu daga turke, na maƙiyan iskan nan ne. Binciken shekarun nan, wanda ke ƙirga bakteriya ta hanyar ƙwayoyin halittarsu, ya nuna cewa a saniyar da ciwon ya kama sosai, su da danginsu ne suka fi yawa.

Yadda ake ganewa

Da farko mu san abin da ba ciwo ba ne. Kowace saniya takan zubar da ruwa ja-ja ko ruwan ƙasa, mai ɗan kauri, har wajen mako biyu bayan haihuwa. In ba wari, tana ci tana tuƙa, wankin ciki ne, a bar ta.

Ciwon kansa fuska uku gare shi. Akwai mai zafi, wanda za ku gamu da shi a jarrabawa da sunan metiraitis. Yakan zo cikin kwana 10 na farko: ruwa tsararo, ja mai duhu, da wari, ga zazzaɓi sama da digiri 39.5, ga ƙin ci, nono ya ragu. Wannan yana iya kisa, gama dafin yakan shiga jini.

Akwai mai ɓoye, wato endometiraitis, wanda ake gani daga kwana 21 zuwa gaba. Saniya tana ci, tana kiwo, ba zazzaɓi. Sai dai in ta kwanta a ga farar mugunya ko majina mai gauraye da fari a ƙasa, ko ta bushe a wutsiya. A ganinmu wannan ya fi cin dukiyar talaka, domin ba wanda ke kiran likita saboda saniyar da ke cin abincinta. Bijimi ya hau, bayan kwana 21 ta sake nema, ya sake hawa, ta sake nema. Iri ba ya tsiro a mahaifar da ke cike da mugunya.

Na uku shi ne tarin mugunya, payometira. A nan bakin mahaifa yakan rufe da mugunyar a ciki, saniya ta daina neman bijimi ɗungum. Mai ita sai ya yi murna, ya ce ta ɗauka, ya yi ta ƙirga watanni. Likita kaɗai ke iya rarrabewa, in ya sa hannu ta dubura ya taɓa mahaifar. Akwai allurar da ke buɗe ƙofar a zubar.

Yanzu ga lissafi. Shekara kwana 365 ce. A cire kwana 283 na ciki, saura 82. Wanda ke son ɗan maraƙi kowace shekara, sai saniyarsa ta ɗauka cikin kwana 82 ɗin nan, rabinsu kuma mahaifa tana gyaran kanta ne. Gaskiya ita ce a rugagenmu saniya takan yi wajen shekara 2 tsakanin haihuwa da haihuwa, babban dalili kuwa yunwar rani ce, ba za mu ɗora wa bakteriya dukan laifi ba. Amma ciwon mahaifa a kan yunwa yake hawa ya ƙara watanni.

Hannu, da igiya, da dutse

A 1847, a wani babban asibiti a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, wani likita mai suna Ignaz Semmelweis ya lura cewa mata masu jego suna mutuwa da zazzaɓi a ɗakin da likitoci ke karɓar haihuwa fiye da ɗakin ungozomomi. Ya gane cewa likitocin daga ɗakin gawa suke fitowa su taɓa matan. Ya sa dokar wanke hannu da ruwan magani, mutuwar ta faɗi daga sama da 10 cikin 100 zuwa wajen 2. Abokan aikinsa da yawa suka ji haushi, suka ƙi yarda cewa hannun mai taimako ne ke kawo cutar. Mu ma ba mu so mu yarda ba sa'ad da likitan dabbobi ya tambaye mu da wace igiya muka ja.

Saboda haka, saniyar da haihuwarta ta kusa a ware mata busasshen wuri, a kwashe taki, a shimfiɗa ciyawa ko kara. In naƙuda ta fara a ba ta lokaci, yawancin Bunaji da kansu suke haihuwa. In ya zama dole a sa hannu, a yanke farce, a wanke hannu har kafaɗa da sabulu, a wanke bayan saniyar, a riƙe wutsiya gefe. Igiyar haihuwa a ajiye ta dabam, a tafasa ta. In an ja ba ya motsi, a daina, a kira likita.

Mabiyiya takan faɗi cikin awa 6 zuwa 8. In ta wuce awa 24, ta maƙale. Kada a ja ta, kada a ɗaura mata dutse ko tsohon takalmi, gama ja yana yage maɓallan nan ne ya bar guntaye a ciki, ya ƙara raunuka. Ko likitoci a yau sun bar al'adar sa hannu a ɓalle ta da ƙarfi. A yanke abin da ke lilo don kada ya ja ƙasa, sauran zai saki da kansa cikin mako guda ko kwana 10. Aikinmu shi ne auna zafin jikinta kowace safiya da duba cinta. Kada kuma a ɗura mata ruwan kanwa, ko Izal, ko sassaƙe a mahaifa, ƙuna kawai za a ƙara.

In zazzaɓi ya zo, allurar kashe bakteriya ake bukata, amma likita ne zai faɗi wace iri, da nawa, da kwana nawa. Muna gani a kasuwanninmu ana sayen kwalba a tebur, a yi wa saniya rabin awo sau ɗaya, ta ɗan farfaɗo a bari. Wannan horar da bakteriya ne, masu taurin suka ragu su hayayyafa, gobe maganin ya daina ci. Nonon saniyar da ake wa allura kuma ba a sha, ba a kai kasuwa, sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar sun cika.

Sai maganar ciyarwa. Saniyar da za ta haihu a ƙarshen bazara, haƙarƙarinta a waje, ba ta da sojojin da za su yi mata yaƙi. Wata biyu kafin haihuwa a taimaka mata da harawa, da dusa, da angurya ko ƙuli-ƙuli, da gishirin lasa. Masu ruwa biyu sun fi bukata. A Shika, kusa da Zariya, inda aka kafa gonar dabbobi a 1928 ta zama cibiyar binciken kiwo ta ƙasa a 1976, an daɗe ana haɗa Bunaji da Firiziyan don ƙarin madara, irin kuma ya bazu zuwa wasu gidaje. Madarar ta fi yawa, ba shakka. Amma daga jikin saniyar take fita, in ba a mayar mata ba sai ta rame a daidai kwanakin da ƙofa ke buɗe. A kuma kiyaye ba ƙaramar karsana ƙaton bijimi.

Bakkale

Akwai wata bakteriya da hanyarta dabam ce, ba ta jiran ranar haihuwa, kuma ba a kan saniya take tsayawa ba. Ɓarin dabbobi tsohon baƙin ciki ne. A Farawa sura 31 Yakubu ya lissafa rashinsa cikin shaidar amincinsa ga garken Laban, Ayuba ma a sura 21 ya sa shi cikin alamun wadata. Wani likitan dabbobi na Denmak, Bernhard Bang, ya gano mai haddasa shi a shanu a 1897. Shekara 10 kafin nan David Bruce, likitan sojan Ingila, ya gano 'yar'uwarta a jikin sojojin da zazzaɓi ya kashe a tsibirin Malta. A 1918 wata Ba'amurkiya, Alice Evans, ta nuna cewa dangi ɗaya ne. Daga sunan Bruce aka sami Brucella abortus. Fulani suna kiran ciwon bakkale, suna gane shi da kumburin gwiwa.

An fara rubuta labarinsa a Nijeriya a 1927. Wani babban bincike da aka buga a 2012, wanda ya gwada jinin shanu sama da 4,000 a jihohin Kaduna, Kano da Adamawa, ya sami alamarsa a wajen saniya ɗaya cikin huɗu, da garke uku cikin huɗu. To ba labarin nesa ba ne.

Saniya takan kamu ta baki, in ta lashi ɓarin wata ko ta ci ciyawar da ruwan haihuwa ya zuba a kai. Ƙwayar ta tafi ta zauna a mabiyiya, a watanni ukun ƙarshe ciki ya zube. Sau da yawa mabiyiya takan maƙale, 'yan gayyar nan huɗu kuma su shigo. Ba maganin da ke raba saniya da bakkale, akwai dai rigakafi, wanda ake yi a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato, ana yi wa 'yan maruƙa mata tun suna wata 3 zuwa 8.

Mutum yakan ɗauka ta ɗanyar madara, ko ta taɓa ɓari da hannu mai tsaga. Zazzaɓi ne mai zuwa ya koma, da gumin dare, da ciwon gaɓoɓi da baya. Mutum ya sha maganin cizon sauro, ya sha na taifot, bai warke ba. Wanda ke cikin wannan hali kuma yana ma'amala da shanu, ya faɗa wa likita haka da bakinsa, gama maganinsa iri biyu ne a haɗe, na mako 6. Iyayenmu mata na zumunta, muna roƙonku: a tafasa madara kafin a sha ko a kwantar da ita. Tsami kaɗai ba ya tabbatar da cewa ƙwayar ta mutu. Ɓari da mabiyiyarsa a ɗauka da leda a hannu, a binne da zurfi inda kare ba zai tono ba, saniyar kuma a ware ta har zubar ta tsaya. Bijimin aro ma a yi hankali da shi. Akwai wata bakteriya, Campylobacter fetus, da yake ɗauka daga garke zuwa garke ba tare da shi ya nuna ciwo ba.

Aikin hutu

Kowane ɗalibin aji huɗu da aji biyar zai nemi saniya ɗaya mai tsohon ciki, ta gida ko ta maƙwabta ko ta ruga mafi kusa. Ku fara gaida mai ita ku nemi izini, kada ku shiga garken mutane kamar ma'aikatan haraji. Ku sayi littafi mai shafi 20, ku rubuta ranar da ta haihu, da ko an taimaka mata, da awa nawa mabiyiya ta yi kafin ta faɗi, da kamannin ruwan da take zubarwa a kwana na 3, na 7, na 10 da na 21, da ranar da ta fara neman bijimi. Ku tambayi makiyayin sunan da yake kiran kowane abu da Fillanci, ku rubuta shi ma, gama ya fi mu sanin shanu. Akwai ma'aunin zafi guda biyu a gonar makaranta, wanda ke so ya sa hannu ya ara. Ba a yarda ɗalibi ya taɓa ɓari ko mabiyiya ba. Za a karɓi littattafan a makon farko na sabon zango.